Gwajin allurar Lassa da Ebola a jikin mutane: me ake yi a matakin farko, kuma wa ke ɗaukar kasadar?

Idan aka ce an fara gwada sabuwar allurar rigakafin Lassa ko Marburg a jikin mutane, cutar ake ɗura wa mutum a ga ko zai rayu? Kuma me ya sa sunan wata ƙasar Afirka ba ya rasa fitowa a labarin? Da rediyo ya ambaci gwaji a Abuja ko Kampala, kafin la'asar saƙon murya ya zaga wayoyi daga Garwa zuwa Marwa, ya haye gadar Kusiri ya shiga Njamena, ana cewa an mai da baƙar fata ɓeran gwaji. Wanda ya ce a tsaya a bincika, a rumfar mai shayi shi ake yi wa kallon ɗan koren Nasara.

Amsar tambaya ta farko gajera ce: ba a ɗura wa kowa cutar. Ta biyun ce ke son a zauna, domin masu zargin suna da hujja a hannu, sai dai ba inda suke nunawa gizo ke saƙar ba.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

Likitoci sun haɗa su a rukuni ɗaya ne saboda yadda suke ƙarewa idan sun yi tsanani: zazzaɓi mai zafi, jijiyoyin jini su raunana, hanta da ƙoda su gaza, wani lokaci jini ya fito ta dasashi ko hanci ko bayan gida. Duk ƙwayoyin bairas ne ke kawo su, kuma kusan duk daga dabba suke tsallakowa zuwa ga mutum.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Lassa. Sunan wani gari ne a kudancin jihar Borno, ba nisa da iyakar Kamaru, inda aka fara gano ta a 1969 bayan ta kama ma'aikatan jinya na mishan. Ɓera ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa a hatsi da kwanukan abinci. Kusan mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin komai ko kuma su ɗauka masassara ce, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kusan kashi 15 cikin ɗari ba sa tashi, wasu kuma ta bar su da kurumta. An gano Ebola a 1976 a Yambuku ta Kwango da Nzara ta kudancin Sudan, Marburg kuwa tun 1967 a Jamus, ta hanyar birai da aka kai daga Yuganda. A 2023 Marburg ta ɓulla a Ikwatoriyal Gini, dab da iyakar kudancin Kamaru.

Akwai biyu da suka fi shafar makiyayi da mahauci. Zazzaɓin Rift sauro ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, tumaki su dinga ɓarin ciki, mutum kuma ya kwasa wajen yanka ko karɓar haihuwar dabba. A 2016 ya kashe mutane a yankin Cintabaradan na Nijar. Zazzaɓin Kirimiya da Kwango kuwa kaska ke ɗauke da shi. Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Adumri ko kwatar Garwa da asuba ya san yawan hannun da ke taɓa jinin dabba ba safa.

Zazzaɓin shawara ma ɗan gidan ne, kuma shi yana da allura tun ƙarshen shekarun 1930, wadda katinta ake tambaya a filin jirgi. Ebola nau'in Zayar ta samu tata a 2019. Lassa da Marburg da Ebola nau'in Sudan kuwa har yau babu allurar da aka amince da ita. Su ake ta gwaji a kai.

Abin da ake yi a matakin farko

Kafin allura ta taɓa fatar mutum, sai ta bi ta ɗakin gwaje-gwaje, ta bi ta jikin ƙananan dabbobi, sannan birai. A nan ne kawai ake sa wa dabba ainihin cutar don a ga ko allurar ta kare ta, a ɗakunan da ma'aikata ke shiga da tufafi masu bututun iska. Da Ebola ko Marburg ko Lassa ba a yi wa mutum haka. Ana yin irin wannan gwaji na sa cuta da gangan a kan zazzaɓin cizon sauro, domin maganinsa na nan a hannu. Cuta mai kisa irin waɗannan, da babu tabbacin warkar da ita, babu kwamitin da zai sa hannu.

Matakin farko ƙarami ne ƙwarai, daga mutum 20 zuwa 100, duk baligai masu ƙoshin lafiya da suka kawo kansu. Ana auna jininsu, hanta, ƙoda, a duba ko suna ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta, kuma da yawa a nan ake sallamar su. Waɗanda suka rage a raba su rukuni-rukuni. Rukunin farko ya karɓi awo mafi ƙanƙanta, kuma ba a yi wa kowa lokaci guda: mutum ɗaya ko biyu tukuna, a jira kwana ɗaya ko biyu, idan lafiya lau sannan a ci gaba. Sai wani kwamiti na likitocin da ba sa cin albashin kamfanin ya duba sakamakon kafin a hau awo na gaba. A yawancin gwaje-gwajen wasu ruwan gishiri kawai ake yi musu, ba su sani ba, mai yi musu allurar ma bai sani ba, don a bambance ciwon kan da allura ta kawo da wanda dama zai zo.

Wannan taka-tsantsan na mutum ɗaya-ɗaya da wuya aka koye shi, kuma a Turai. A watan Maris na 2006, a wani asibiti a Landan, aka ɗura wa samari shida wani sabon magani 'yan mintoci tsakaninsu. Kafin a ankara da abin da ya sami na farko, an riga an yi wa na ƙarshe, duk shida suka kwanta rai a hannun Allah. A 2016 kuma mutum ɗaya ya mutu a irin wannan gwaji a birnin Rennes na Faransa. Magunguna ne ba allurar rigakafi ba, amma dokar da ta biyo baya ta hau kan kowa.

Abu biyu kawai matakin farko ke nema: shin jiki ya ɗauki allurar ba tare da mummunar illa ba, kuma shin garkuwar jiki ta motsa? Ko allurar tana hana kamuwa da cutar, wannan ba aikinsa ba ne. Sai an je mataki na biyu mai ɗaruruwan mutane, da na uku mai dubbai a inda cutar take yawo da kanta. Don haka duk kanun labarin da ya ce an samo rigakafin Lassa alhali matakin farko aka gama, ya yi azarɓaɓi.

Me ke cikin kwalbar?

Babu ƙwayar Ebola ko ta Lassa a ciki, rayayyiya ko matacciya. Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce a ɗauki wata ƙwaya daban da ba ta cika cutar da mutum ba, a sa mata bayanin furotin guda ɗaya tak na fatar ƙwayar da ake gudu. Kamar a nuna wa maigadi rigar ɓarawo ne don ya shaida shi ran da ya zo. Allurar Ervebo ta Ebola an gina ta a kan wata ƙwaya da ke sa wa shanu da dawaki ƙuraje a baki a nahiyar Amurka. Ta Marburg da aka yi amfani da ita a Ruwanda an gina ta a kan ƙwayar mura ta birin cimfanzi wadda aka hana ta hayayyafa. Furotin guda ba ya iya zama Ebola. Abin da zai iya jawowa shi ne zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ciwon jiki, kumburin dantse, wani sa'in kuma abin da ba wanda ya zata.

Abin da ya faru a Jeneba

A ƙarshen 2014, ana tsakiyar annobar Ebola, aka fara gwada allurar da ta zama Ervebo a Amurka da Kanada, da kuma wurare huɗu a tare: Jeneba a Suwizalan, Hambug a Jamus, Lambarene a Gabon, da Kilifi a Kenya. A Jeneba, cikin mako na biyu bayan allura, mutum 11 cikin 51 suka fara kukan ciwon gaɓoɓi, yatsu da gwiwa. A watan Disamba aka dakatar da gwajin, aka binciki mutanen, aka dawo a Janairun 2015 da awo ƙasa da na da nesa ba kusa ba. A sauran wuraren ba a ga wannan ciwo da yawa haka ba.

Na daɗe ina ganin wannan labari ya fi kowane wa'azi amsa zargin. Turawa sun miƙa dantsensu tun a sahun farko, su illar ta fi kamawa, kuma birkin da aka tanada ya kama. Ya kuma nuna cewa jikin mutumin Jeneba da na mutumin Lambarene ba lalle su amsa allura iri ɗaya ba, batun da za mu dawo kansa.

Amma kada a zuzuta matakin farko fiye da ƙarfinsa. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma ba za ta bayyana a cikin mutum 50 ba. Allurar zazzaɓin dengi ta kamfanin Sanofi ta wuce duk matakan, aka yi wa yara sama da 800,000 a Filifin, sannan a ƙarshen 2017 kamfanin ya sanar cewa yaron da bai taɓa kamuwa da dengi ba, allurar na iya ƙara masa haɗarin kamuwa da mai tsanani daga baya. Dengi ba baƙuwa ba ce a nan, ta ɓarke a Abeshe a 2023.

Ruwa ba ya tsami banza

Mai zargi ba mahaukaci ba ne. A zamanin mulkin Faransa, tilas ake yi wa ƙauyuka allurar Lomidin da sunan rigakafin ciwon barci, kuma a 1954 a yankin Yokaduma na gabashin Kamaru gurɓatacciyar allura ta kashe kimanin mutum 30, ta ruɓar da naman wasu da dama. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ƙauracewa allurar shan inna ta 2003 a kan wannan tabo ta tsiro. A Duwala, gwamnati ta dakatar da gwajin maganin kariya daga ƙanjamau a kan mata 400 a farkon 2005, bayan ƙorafi kan irin bayanin da aka yi musu da kulawar da za a ba wadda ta kamu. Ga kuma likitocin nan biyu da suka fito a talabijin ɗin Faransa a Afrilun 2020 suna shawarar a je Afirka a yi gwajin rigakafin korona, har Samuel Eto'o da Didier Drogba suka mayar musu da martani mai zafi.

Idan aka duba waɗannan da kyau, babu ɗaya da ya kasance gwajin matakin farko na allurar rigakafi a kan baligi mai lafiya. Abin da ya haɗa su shi ne tilas, ko ɓoye gaskiya, ko raina mutum. A nan ya kamata fushin ya tsaya.

To me ya hana su gama gwajinsu a can?

Sau da yawa a can ake farawa. Allurar Marburg ta fara da mutum 40 a cibiyar binciken sojan Amurka. Ta Lassa da ƙungiyar binciken rigakafi ta IAVI ke jagoranta ta yi matakin farko a Amurka da Laberiya kafin a buɗe mataki na biyu a Abuja a 2024. MenAfriVac, allurar sanƙarau da aka yi wa mutum kusan miliyan 1.8 a Njamena da Shari Bagirmi da Mayo Kebbi ta Gabas a ƙarshen 2011, wadda ta rage cutar da kashi 94 cikin ɗari idan aka kwatanta da yankunan da ba a yi ba, matakinta na farko a jikin mutanen Indiya aka yi shi. Indiyawa ne suka ɗauki kasadar farko don 'ya'yanmu, kuma ban taɓa jin saƙon murya a kan wannan ba.

Dalilin da ya sa ba za a tsaya a can ba shi ne jikin da za a yi wa allurar a ƙarshe namu ne. Mutumin da ya tashi da zazzaɓin cizon sauro duk damina, da tsutsar ciki, da tsargiya daga wankan kogi, garkuwarsa ta saba da wani aiki daban. An taɓa yi wa mutanen Lozan a Suwizalan da na Entebbe a Yuganda allurar shawara iri ɗaya, aka tarar garkuwar mutanen Entebbe ba ta tashi kamar ta Turawan ba. Awon da aka tsayar a jikin Bature kaɗai yana iya yi mana kaɗan ko ya yi mana yawa. Shi ya sa wata allurar Ebola ta kamfanin GSK, bayan matakin farko a Amurka da Ingila da Bamako, aka kawo matakinta na biyu Kamaru da Mali da Najeriya da Senegal, da mutum kusan 3,000. A Ghana kuwa hayaniyar jama'a da ta majalisa a 2015 ta sa gwajin bai yiwu ba.

Gwajin da ba a yi ba

Ga abin da ni ya fi ci mini rai. Masana a Kanada sun nuna tun 2005 cewa allurarsu ta kare birai daga Ebola ɗari bisa ɗari. Daga nan aka ajiye ta shekara tara, babu wanda ya ga ribar kashe kuɗi a kan cutar talakawan daji. Da annoba ta taso a Gini da Laberiya da Saliyo, babu wanda ya san awon da ya dace da mutum, sai aka fara matakin farko a guje ana binne gawawwaki. Mu nan abin da ya iso mu shi ne rufe iyaka da Najeriya da jita-jitar wankan ruwan gishiri da tsakar dare. Kafin a kai ga gwajin Gini na 2015, inda cikin mutum 5,837 da aka yi wa allurar ba wanda ya kamu bayan kwana goma, annobar ta riga ta ci yawancin mutum sama da 11,000 da ta kashe.

Wannan asara ce ta haifi ƙungiyar CEPI a 2017, don a gama matakin farko da na biyu tun ana zaune lafiya, a ajiye kwalabe a shirye. Bambancin ya fito fili. A Yuganda a 2022, kwana 79 aka yi kafin allurar gwaji ta Ebola nau'in Sudan ta iso, annobar ta lafa ba a gwada ba. A farkon 2025 da ta dawo, kwana huɗu da sanarwa aka fara. A Ruwanda a 2024, cikin kwana goma da ɓullar Marburg aka soma yi wa ma'aikatan asibiti allura, annobar ta tsaya a mutum 66, 15 suka rasu. Allurar kaɗai ba ta isa ta ɗauki wannan yabo ba, bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da marasa lafiya da kyakkyawar jinya sun yi nasu, amma da ba a yi wa mutum 40 ɗin nan allura a Amurka tun da wuri ba, babu abin da za a aiko Kigali.

Inda ya kamata a sa ido

A takarda kariyar ta cika. Akwai ƙa'idar Helsinki ta 1964, wadda likitocin duniya suka shimfiɗa kan bincike a jikin mutane. Kamaru ta yi doka a watan Afrilun 2022 kan binciken likitanci a jikin ɗan Adam, tana da kwamitin ƙasa da ke tantance kowane bincike, Chadi ma tana da nata. Matsalar tana tsakanin takarda da tabarmar da ake zama a yi bayani.

Takardar amincewa kan kai shafi goma sha, da Faransanci. Wanda ake so ya sa hannu Fillanci yake ji, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa, kuma an rene shi a kan cewa ba a yi wa likita musu. Ƙa'ida ita ce a karanta masa da harshensa gaban shaidan da ba ma'aikacin binciken ba, a ba shi kwafi ya tafi gida ya yi shawara, a kuma faɗa masa ƙarara cewa yana iya janyewa ran da ya ga dama ba tare da ya rasa kulawar asibiti ba. Neman izinin lamido ko mai unguwa ladabi ne kuma ya dace, amma izininsu bai zama amincewar talaka ba, haka yardar miji ba ta zama ta matarsa ba.

Sai kuɗi. Abin da ake bayarwa kuɗin mota ne da ladan yinin da aka ɓata. Amma jaka goma da ba ta kai komai ba a wurin ɗalibi a Turai, a wurin ɗan acaɓa a Marwa tana iya toshe masa kunne daga jin sashen da ke maganar haɗari. Kwamitin tantancewa ne ya kamata ya tsayar da adadin, kuma tambayar da ta fi ta kuɗin mota nauyi ita ce ta inshora: idan allurar ta yi illa bayan wata shida, wa zai biya, a wane asibiti?

Abu biyu ne ke haifar da jita-jita tun ba a je ko'ina ba. Ana ɗibar jini sau da yawa, 'yan ƙananan kwalabe a kowace ziyara, don da shi ake auna hanta da garkuwa, sai a ce sayar da shi ake yi. Mata kuma ana yi musu gwajin ciki, a nemi su jinkirta ɗaukar ciki na wasu watanni, domin ba a san tasirin sabuwar allura a kan ɗan tayi ba. A ƙasar da aka daɗe ana raɗe-raɗin allura na hana haihuwa, wannan sharaɗi in ba a yi bayaninsa da baki ba, shi kaɗai ya isa ya watsa taro. Kuma halas ne mutum ya tambayi ƙasar da za a kai jininsa da tsawon lokacin da za a ajiye shi.

Wani abu da zai rage ruɗani: matakin farko ba ya zuwa gida-gida. Yana buƙatar asibiti mai wutar da ba ta ɗaukewa, firjin da ke riƙe sanyi digiri 60 ƙasa da sifiri ga irin su Ervebo, da ɗakin ceto a kusa. 'Yan matan da ke yawo unguwa da akwatin sanyi, allurar shan inna ko ƙyanda ce a hannunsu, waɗanda suka daɗe da wuce wannan mataki.

Me ya rage wa arewacin Kamaru da Chadi?

Idan allurar Lassa ta tsallake mataki na biyu, na uku za a yi shi ne inda aka san yawan masu kamuwa. Don haka CEPI ta ɗauki nauyin bibiyar mutum kusan 23,000 a Najeriya, Benin, Gini, Laberiya da Saliyo tun daga 2020. Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin, alhali Taraba, ɗaya daga jihohin da Lassa ta fi addaba, iyaka ɗaya take da Kamaru, kuma buhunan hatsi da fasinjoji na ƙetara iyakar Najeriya ta Mubi da Banki da Gamboru kullum.

Ran da allurar ta fito, kaɗan za a fara samu, kuma rabon zai bi alkaluma, kamar yadda rumbun allurar Ebola da aka kafa a 2021 ke sakin kwalabe ga ƙasar da ta tabbatar da cutar a ɗakin gwaji. A yawancin ƙananan asibitocinmu, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro sai a kira shi taifot a sake rubuta wani magani. Cibiyar Pasteur tana da reshe a Garwa, amma sai ma'aikacin jinya a Mokolo ko Gidar ya yi tunanin Lassa, ya samu safar hannu da kwalba da motar da za ta ɗauki jinin, kafin mara lafiyar ya shiga lissafin kowa.